Maganin Ciwon Gawut: Amfaninsa Da Haɗarinsa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ciwon gawut ya taɓa tayarwa daga barci ba ya bukatar a yi masa bayanin zafinsa. Mutum zai kwanta lafiya lau, can cikin dare sai ya farka ya tarar babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, yana raɗaɗi kamar an ɗora masa garwashi, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Da gari ya waye, maimakon ya nufi ofis, sai ya aiki yaro kantin magani ya sayo masa ƙwayar da wani abokin aiki ya taɓa ambata masa. To, a nan ne sau da yawa ake zuwa neman gira a rasa ido.

Ciwon gawut wani nau'i ne na ciwon gaɓɓai wanda ya fi kama maza magidanta. Asalinsa shi ne taruwar wani sinadari mai suna yurik asid a cikin jini. Ƙoda ce ke fitar da mafi yawansa ta hanyar fitsari, amma idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai ya soma daskarewa ya zama 'yan tsinkaye masu kama da allura a cikin gaɓa. Gado, da ƙiba, da raunin ƙoda, da giya, da lemon kwalba mai yawan sukari, da yawan cin kayan ciki irin su hanta da ƙoda, duk suna ƙara shi.

Asalin maganin

Maganin da likitoci suka fi bayarwa don rage wannan sinadari shi ne alofurinol, wanda ake rubuta sunansa Allopurinol a jikin kwali, wasu kuma suka san shi da sunan kasuwa Zyloric. Masana biyu na ƙasar Amurka, Gertrude Elion da George Hitchings, su ne suka jagoranci aikin da ya kai ga amfani da shi, sa'ad da suke binciken maganin sankarar jini. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 1966, su biyun kuwa sun sami kyautar Nobel a 1988 saboda ayyukansu na harhaɗa magunguna. Har ila yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Aikinsa shi ne hana jiki sarrafa yurik asid da yawa. Watau dai ba maganin kashe zafi ba ne, rigakafi ne da ake sha kullum, galibi har tsawon rai. Yana da araha, yana da amfani, kuma mafi yawan masu shan sa ba su gamuwa da wata matsala. Amma fa yana da illolin da ya wajaba a sani.

Ƙananan illoli

Abu na farko da ke ruɗa majiyyaci shi ne, a watannin farko ciwon yakan tashi fiye da da. Dalili kuwa, yayin da sinadarin ya soma raguwa a jini, tsinkayen da suka daɗe a gaɓa sukan motsa. Wannan ba alama ce ta cewa maganin ya ƙi jikin mutum ba. Saboda haka ne likita kan haɗa shi da wani magani, kamar kolcisin, na tsawon wata 3 zuwa 6. Wanda ya riga ya saba shan alofurinol kuma, bai kamata ya daina ba don kawai ciwon ya motsa.

Sauran ƙananan illolin sun haɗa da tashin zuciya, da zawo, da ciwon kai, da jin barci. Wani lokaci kuma gwajin jini kan nuna hanta ta ɗan taɓu. Shan ƙwayar bayan cin abinci tare da ruwa mai yawa yana rage damuwar ciki.

Babban haɗari

Illar da ta fi tayar wa likitoci hankali ita ce ta fata. Kimanin mutum 2 cikin 100 sukan sami ƙuraje da ƙaiƙayi. A wajen yawancinsu abin yakan wuce da zarar an daina shan maganin. Amma a wajen kimanin mutum 1 cikin 1,000, jiki kan yi wa maganin mummunan bore: zazzaɓi mai zafi, da kaluluwa, da kumburin fuska, da gyambo a baki da leɓɓa da idanu da al'aura, har fata ta riƙa saɓulewa kamar ta wanda ya ƙone. Hanta da ƙoda ma suna iya lalacewa. Ɗaya daga cikin siffofin wannan cuta ana kiran ta da sunan likitocin yara biyu na Amurka, Stevens da Johnson, waɗanda suka bayyana ta a 1922. Cikin waɗanda mummunan boren ya kama, kusan mutum 1 cikin kowane 4 ko 5 yakan rasa ransa.

Wannan haɗari ya fi yawa a makonni da watannin farko na fara shan maganin. Ya fi kusa da mai raunin ƙoda, da wanda ya fara da ƙwaya mai ƙarfi, da mai shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari, wanda ake kira tayazaid. Ya kamata kuma a lura cewa a jikin baƙin mutum ƙurajen ba lalle su yi ja ba, sukan fito da duhu-duhu, har a ɗauka zufa ce ko cizon sauro.

Akwai kuma batun gado. A shekarar 2005 masu bincike a Taiwan suka duba mutum 51 da wannan bore ya kama, suka tarar dukansu suna ɗauke da wata alama ta gado mai suna HLA-B*58:01, alhali cikin waɗanda suka sha maganin lafiya kashi 15 cikin 100 ne kawai ke da ita. Alamar ta fi yawa a tsakanin Sinawa, da mutanen Koriya da Tailan, sa'an nan baƙaƙen fata. Bisa ga haka ne a 2020 Ƙungiyar Likitocin Gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa gwada mutanen waɗannan ƙasashe da baƙaƙen fatar Amurka kafin a ɗora su a kan maganin. Ashe ke nan mu ma maganar ta shafe mu.

Haɗa shi da wasu magunguna

Wanda ke shan azatiyofirin, kamar mutanen da aka yi wa dashen ƙoda, in ya haɗa da alofurinol ba da sanin likita ba, ƙwayoyin jininsa suna iya faɗuwa ƙasa warwas. Ampicillin da Amoxicillin, waɗanda jama'a ke saye barkatai a kantuna, suna ƙara yiwuwar fitowar ƙuraje. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, shi ma sai an sa masa ido.

Magungunan da ake sha lokacin da ciwon ya tashi su ma ba kanwar lasa ba ne. Kolcisin yana sa zawo da amai, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa kaɗan ce. Diclofenac da Ibuprofen kuwa, in aka daɗe ana sha, suna jawo gyambon ciki, su raunana ƙoda, su ƙara hawan jini.

Abin da ya kamata a yi

Ƙa'idar likitoci ita ce a gwada ƙoda tukuna, a fara da miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, musamman ga mai raunin ƙoda, sa'an nan a riƙa ƙarawa sannu a hankali ana auna jini, har sinadarin ya sauka ƙasa da miligiram 6. Wanda gwaji ya nuna sinadarinsa ya hau amma bai taɓa yin ciwon ba, galibi ba a ba shi wannan magani.

Don haka kada kowa ya ari ƙwayar abokinsa, kada kuma ya fara sha da shawarar mai kanti. A gaya wa likita duk wani magani da ake sha, har da na gargajiya. Wanda ya ga ƙuraje, ko zazzaɓi, ko gyambon baki, ko idanunsa sun yi rawaya bayan ya fara shan alofurinol, to ya dakatar da shi nan take, ya tafi asibiti a ranar, ya kuma riƙe kwalin maganin a hannunsa. In an tabbatar mummunan bore ne, kada ya sake shan sa har abada, ya kuma sanar da iyalinsa. Hausawa dai sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.