Allura, Nono da Takardar Jinya: Ina Gaskiya Ta Tsaya?

Ɗalibar da ta shiga makarantar koyon jinya ta Babura, ko aka tura ta koyon aiki a babban asibitin Kazaure, takan zo ne ɗauke da maganganun da ta ji tun ƙuruciya a bakin iyaye da kakanni da masu kemis, waɗanda kaɗan daga cikinsu ne ƙarya tsagwaronta, mafi yawa kuwa gaskiya ce aka ja ta har ta ƙetare haddinta.

Mafi shahara ita ce wai allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Sau nawa tsohuwa takan taso daga ƙauyukan Roni ko Gwiwa, a ba ta ƙwayoyi a leda, ta juya su a tafin hannu, ta ce, "'Yar nan, ba allura? Ashe yau ba a duba ni ba." Hujjar tsohuwar ba ta rasa tushe, domin maganin da aka zuba a jijiya yana shiga jini nan take, alhali ƙwaya sai ta narke a ciki, hanji ya tsotse ta, ta bi ta hanta, kafin ta kai ga mahallin ciwo, shi ya sa mai amai ba ƙaƙƙautawa, da wanda ya suma, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya tsananta masa, allura ce hakkinsu. Amma sauri daban, ƙarfi daban. Ga mai iya haɗiya, a galibin cututtuka ƙwaya tana biyan buƙata, ba tare da haɗarin ƙurji ko cutar da allura marar tsabta ke ɗaukowa ba. Haka lamarin ƙarin ruwa yake: yana ceton wanda gudawa ta ƙafar da shi, amma ba abinci ba ne, ba ya ƙara jini.

Sai mas'alar nono, wadda a nan ne ake ganin amfanin ilmi a kan ji-ta-ji-ta. Masu cewa kada a sha magani da fura da nono sun yi daidai a kan kafson tetirasaikilin, domin sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yana riƙe shi, ya hana hanji tsotse shi. Sai dai wanda ya mai da wannan hukunci na kowane magani ya yi kuskure babba, domin Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro wanda ake sha sau 6 cikin kwana 3, ya fi shiga jiki idan an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo.

Ninka magani don a warke da wuri kuwa ba shi da ko ƙwayar zarra ta gaskiya. Farasitamol, duk da araharsa, idan baligi ya wuce giram 4 a yini yana iya lalata masa hanta, kuma alamun ba sa bayyana sai ɓarna ta yi nisa.

Akwai kuma wata magana da ɗalibai da kansu suke yaɗawa, wai tsarin jinya mai matakai 5 rubutun cin jarrabawa ne kawai, ma'aikaciyar jinya kuma aikinta zartar da umarnin likita. Gaskiya ne likita ne ke tantance cuta ya rubuta magani. Amma tun da Lydia Hall ta Amurka ta kira jinya tsari a 1955, aka fahimci cewa ma'aikaciyar jinya tana da nata nazarin: ta binciki halin majinyaci, ta gano matsalarsa, ta tsara abin yi, ta aiwatar, sannan ta koma ta auna ko an dace. Misali, idan an kwantar da dattijo, likita zai rubuta shanyewar ɓarin jiki. Ita kuwa za ta rubuta cewa dattijon nan ba ya iya juya kansa, gyambon kwanciya na barazana gare shi, a riƙa juya shi duk bayan awa 2. Mataki na biyar shi aka fi sakaci da shi, musamman a aikin dare, lokacin da za a ba yaro maganin zazzaɓi a rubuta an ba shi, ba wanda ya koma da ma'aunin zafi ya ga ko jikin ya sauka.