MURAR TSUNTSAYE: ABIN YI IN KAJINKA SUN FARA MUTUWA

Malam manomi, wannan takarda a kan kajin gidanka ce. Mun san a yawancin gidaje kaji na mata ne da yara, su ke ba su tsaba da dusa, su ke rufe akurki da magariba. Saboda haka in ka gama karantawa ka karanta wa uwargida, ko ka sa yaro ɗan makaranta ya karanta mata, gama ita za ta fara ganin kaza ta yi laushi tun kana gona.

MURA IRI-IRI CE

Bahaushe da suna ɗaya yake kiran ciwo biyu. Akwai murar da kowa ya sani, ta atishawa da yoyon hanci, wadda ba ta hana mutum zuwa gona. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita wannan farat ɗaya take kama mutum, da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, ta kwantar da ƙato kamar an yi masa duka. Galibi cikin mako guda mutum kan miƙe. Amma takan yi wa tsofaffi da ƙananan yara da mata masu ciki da masu asma ko ciwon suga mummunan kamu, har ta gangara huhu. A shekarar 1918 irin wannan mura ta zaga duniya ta kashe miliyoyin mutane. Ta jirgin ruwa ta shigo Legas, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har ƙasar Hausa.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ce da ita bairus, ido ba ya ganinta. Dangi ne babba: akwai ta mutane, akwai ta aladu, akwai ta dawaki, akwai kuma ta tsuntsaye. Ta tsuntsayen ma kala-kala ce, wata ba ta da zafi, wata kuwa takan share garke. Mai zafin da ta fi yi mana ɓarna ita ce masana suka laƙaba wa lamba H5N1.

A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da ita a Nijeriya, a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, kuma wannan ne karo na farko da aka gan ta cikin kajin Afirka. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Kano da Filato, an kuma same ta a Magariya cikin Jamhuriyar Nijar. Ta lafa, ta komo a 2015, ta sake komowa a 2021. Watau dai ba baƙuwar da ta zo sau ɗaya ta tafi ba ce.

TA INA TAKE SHIGOWA

Asalin mazauninta tsuntsayen ruwa ne na daji, agwagin ruwa da dinya da ire-irensu. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da ita ba su ko nuna alama. Kowace shekara in sanyi ya yi tsanani a Turai da Asiya sukan taso su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi, su yi hunturu a nan. Cutar tana fita cikin kashinsu da majinarsu. Agwagwar gidanka ta je tabki ta yi iyo cikin ruwan nan, ta komo gida ta sha ruwa a kasko ɗaya da kaji. Ita agwagwar ƙila ta yi garau, kajin su zube.

Amma kada mu ɗora wa tsuntsun daji laifi duka. In cutar ta riga ta shigo ƙasa, mutum ne ya fi yawo da ita. Tana bin kwandon ɗan kaji, da kiret na ƙwai, da buhun abincin kaji, da tayar babur, da tafin takalmi. Kashin da bai cika farce ba ya isa ya kai ta wani gida. A lokacin sanyi takan yi makonni da rai cikin ɗanyen kashi da ruwa, shi ya sa ta fi ƙarfi da hunturu. Zafin rana da wuta da sabulu kuwa suna kashe ta.

YADDA ZA KA GANE TA

Babbar alama ita ce mutuwar farat ɗaya. Ka rufe kaji lafiya lau da magariba, gari ya waye ka tarad da biyar a miƙe, kafin azahar wasu sun bi. Cikin kwana biyu ko uku tana iya kwashe kusan duka. Waɗanda suka ɗan jinkirta za ka ga sun takure, gashi a tashe, ba ci ba sha. Kai da fuska su kumbura. Zanko da leɓa su rine su yi shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi. Ka duba ƙafa, wurin da babu gashi, sau da yawa za ka ga ja-ja kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Akwai zawo, da numfashi da baki buɗe, wani lokaci wuya ya murɗe. Mai yin ƙwai ta daina, ko ta yi mai laushin ɓawo. Talo-talo da zabi su ma tana kama su.

To, a nan wahalar take. Duk wanda ya daɗe yana kiwo zai ce, "Ai wannan fakat ce, kowane hunturu muna ganinta." Yana da gaskiya rabi, gama alamun biyun sun yi kama ƙwarai, har malamin dabbobi ba ya iya raba su da ido kawai. Sai an ɗebi samfur an kai ɗakin bincike, kamar na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Fakat tana da allurar rigakafi mai araha, ka riƙa yi wa kajinka ita kafin hunturu ya shigo. Sai dai ka sani allurar fakat ba ta tsare kaza daga murar tsuntsaye. In ka yi wa kaji allurar a kan kari, ga shi kuma suna zubewa, to ka ƙara zargin mura ce.

Babu maganin da ke warkar da kazar da ta kamu. Kafso ja-da-rawaya da ake fasawa cikin ruwan kaji, da barkono, da saiwar maɗaci, babu wanda ke taɓa bairus. Ɓarnar kuɗi ce, da ɓarnar kwanakin da ya kamata a ce an kai rahoto.

RANAR DA KAJI SUKA FARA MUTUWA

Mun san abin da zuciya ke raya wa mai kaji a wannan rana. Biyar sun mutu, saura goma sha biyar, gobe kasuwa na ci. Sai ya ce bari ya kwashe sauran ya sayar ko da rabin kuɗi ne, waɗanda suka galabaita kuma a sa musu wuƙa kafin su zama mushe. Ba mu ce ba ka da uzuri ba, kuɗin makarantar yaro ne da cefanen salla ke cikin akurkin nan. Amma wannan dabara ita ce babbar hanyar da cutar ke bi ta ci gari bayan gari. Kazar da ka ga lafiyarta ƙalau yau ta riga ta kwana da marasa lafiya. A kasuwa za a haɗa ta kwando ɗaya da kajin ƙauye goma, da yamma kowa ya koma gida da rabonsa. Wanda ya saya kuwa ƙila surukinka ne, ko mai maƙwabtaka da gonarka, kuma in ta zaga gidanka za ta sake dawowa.

Saboda haka, kada kaza ko ƙwai ko kashin kaji ya fita daga gidan, ba sayarwa, ba kyauta. Ka kulle sauran tsuntsaye duka, har agwagi da tattabaru. Ka hana baƙi zuwa wajen akurki, kai ma kada ka je duba kajin wani. Sa'an nan ka aika wa malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku a ranar, ba gobe ba. In ba ka san inda yake ba, ka gaya wa malamin gona ko mai unguwa su isar. Ka gaya wa maƙwabta su kulle nasu. Ba abin kunya ba ne, ba ƙazantar gidanka ce ta jawo ba.

In bincike ya tabbatar murar tsuntsaye ce, ma'aikata za su zo su kashe sauran kajin, su binne, su yi feshi. Abin da ciwo, amma cikin kajin nan kaɗan ne da ma za su tsira. A annobar 2006 Gwamnatin Tarayya ta biya diyya, da farko Naira 250 kowace kaza, kuma kajin da ma'aikata suka ƙirga suka kashe ne aka biya. Wanda ya ɓoye, ko ya riga ya zubar da nasa, babu sunansa a takarda.

Mushen kaza kada ya je juji, ko kududdufi, ko bayan danga. Kare da kyanwa da hankaka za su ja shi, su ma suna kamuwa, kuma su kai gaba. Ka haƙa rami mai zurfi, aƙalla ya kai ƙirjin babban mutum, nesa da rijiya da rafi. Kada ka ɗauki mushe da hannu tsirara. Ka sa hannunka cikin leda, ka rufe hanci da baki da takunkumi ko ƙyalle, ka zuba mushen da gashin da sharar akurki cikin ramin. In da farar ƙasa ka barbaɗa, ka mayar da ƙasa ka daddanne. Akurki na kara ko na zana gara a ƙone shi. Na ƙasa kuwa a kankare kashin tukuna, a wanke da omo, sa'an nan a zuba Izal ko ruwan bilic, gama magani ba ya ratsa kashin da ya daskare. Ka yayyafa ruwa kafin shara, don kada ka shaƙi ƙura. In ka gama ka wanke tufafi da takalmi, ka yi wanka da sabulu. Kada ka kawo sababbin kaji sai wurin ya yi aƙalla mako uku babu tsuntsu, kuma malamin dabbobi ya yarda.

LAFIYAR IYALINKA

Ba kasafai wannan cuta ke kama mutum ba, kuma da wuya ƙwarai take tashi daga mutum zuwa mutum. Amma in ta kama ba ta wasa. Cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu da H5N1 a duniya tun daga 2003, kusan rabi sun rasu. A nan Nijeriya ma wata matashiya ta rasu da ita a Legas a watan Janairun 2007.

Yawancin masu kamuwa wajen yanka da fiɗa da fige kaza marar lafiya suke ɗauka, lokacin da jini da gashi da ƙura ke shiga ido da hanci da baki. Ka ga ke nan wadda ke figar kazar ta fi mai cin naman shiga hatsari. Wa ke figa a gidanka? Uwargida ce da 'yan mata. Wa ke bin kaza marar lafiya ya kamo, ya rungume ta? Yara ne. Don haka kazar da ba ta da lafiya ba a yanka ta, ko da ranta. Kaji kuma kada su kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko a ƙarƙashin gado, ko a madafa.

Naman kaza mai lafiya babu laifi a ci, muddin ya dahu sosai har ba sauran ja a jikin ƙashi. Ƙwai ma a dafa har gwaiduwa ta yi tauri. Wuƙa da akushin da ɗanyen nama ya taɓa a wanke su da sabulu, hannu ma haka.

Duk wanda ya taɓa kajin da suka mutu, a sa masa ido har kwana goma. In ya yi zazzaɓi, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, ko jan ido, balle numfashi ya fara yi masa wuya, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a tsaya a ce zazzaɓin sauro ne a sayo ƙwayoyi a kemis. Ka gaya wa likita da bakinka cewa kaji sun mutu a gidan, gama in ba ka faɗa ba da wuya tunaninsa ya kai can. Akwai maganin mura mai suna Tamiflu, kuma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko. Marar lafiya ya kwana shi kaɗai, ya riƙa rufe baki in zai yi tari. Yaro mai irin wannan zazzaɓi a ba shi farasitamol, kada a ba shi asfirin.

TUN KAFIN TA ZO

Sabuwar kaza, ko ta kasuwa ce ko ta kyauta, a ware ta ita kaɗai mako uku kafin ta shiga cikin naka. Haka nan wadda ka kai kasuwa ba ta sayu ba ka komo da ita. In ka ga ana karyar da kaji da araha fiye da ƙima, ka tambayi kanka dalili, ka wuce. Ɗan kaji mai yawo gida-gida ya tsaya a ƙofar gida da kwandonsa, a kawo masa. Ka raba makwancin agwagi da na kaji, ka ba su ruwan rijiya maimakon na tabki, ka zuba musu abinci a cikin rumfa inda tsuntsayen daji ba sa sauka. In kun ji labarin cutar a kusa, a kulle kaji har ta wuce, ko da za su ɗan rame. Yara masu harbi da danƙo kuma a gargaɗe su kada su tsinto mataccen tsuntsu daga fadama.

Saura maganar taki. Masu noman masara da na lambu da yawa suna sayen kashin kaji buhu-buhu daga manyan gonaki, taki ne mai kyau kuwa. Ka tambayi inda aka kwaso shi, kada ka karɓi na gonar da kaji suka mutu ko da kyauta ne. In an kawo, kada a sauke a tsakar gida inda kajinka za su yi tono. A wuce da shi gona, a tara shi tsibi guda, a yayyafa ruwa, a rufe da leda ko ƙasa. Ka bar shi ya ɗau zafi ya ruɓe kamar wata ɗaya da rabi kafin ka watsa.