Murjani a Cikin Akwatin Gilashi

(Sautin ɓulɓulowar ruwa, sannan a rage shi)

Shirinmu na yau na masu kiwon kifin teku ne a ɗaki, musamman mai ɗan akwatin gilashi da ke cin lita 60 ko 80, kifayensa biyu na iyo lafiya lau, sai zuciya ta raya masa ya ƙara murjani da anemoni, wannan halitta mai yatsu barkatai da ke rangaji a ƙarƙashin ruwa.

Murjani dai dabba ne, ko da yake ido na ganinsa dutse ko tsiro, kuma shi da anemoni dangi ɗaya ne. A cikin naman jikinsu akwai wata 'yar mitsitsiyar gansakuka da ke sarrafa abinci daga hasken rana, ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka. Don haka fitilar da aka sa wa kifi domin kallo kawai ba za ta wadatar ba. Sai an nemo mai ƙarfi, wadda haskenta ya karkata ga shuɗi. A hankali kuma ake ƙara ƙarfin, domin in aka watsa masa haske bagatatan, murjanin kan kori gansakukar ya yi fari fat. Irin wannan farin ne ya afka wa shahararren shingen murjani na gaɓar Ostireliya a 1998 da 2016 da 2017, sai dai can zafin ruwa ne musabbabi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutane na ɗauka ƙaramin akwati ya fi sauƙin kulawa, alhali shi ya fi wahala. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma da wuya ya gusa daga nan. A ɗaki kuwa ruwa na ƙafewa ya bar gishirinsa a baya, kuma in ruwan kaɗan ne, nan da nan gishirin zai yi yawa. Kifi ya daure, murjani ba zai daure ba. Shi ya sa ake cike gibin kullum da tataccen ruwa marar gishiri, ba na rijiya ko na famfo kai tsaye ba. Gishirin ma ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman mai sinadarin kalsiyam, wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi. Ana son miligiram 400 zuwa 450 a lita. Zafin ruwa kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Wanda ke zaune inda bazara ke gashi, wutar lantarki kuma ba ta zama, ya fara lissafin sola da na'urar sanyaya ruwa tukuna.

A kula da wannan: in an taɓa zuba wa kifin maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe, yashi da duwatsun ciki kan riƙe shi, kuma kaɗan ɗinsa guba ne ga murjani.

(Ɗan kiɗa)

Dabarar da ake bi a yau tana da tarihi. A shekarun 1960 Lee Chin Eng a Jakarta ya nuna cewa dutsen da aka ɗebo daga teku da ƙananan halittunsa shi da kansa yake tsabtace ruwa. Masu kiwo a Balin ta Jamus suka haɗa dutsen da haske mai ƙarfi da wata na'ura mai tayar da kumfa, ta kwashe datti yadda uwargida ke yaɗe kumfar nama a tukunya. A shekarun 1980 Dietrich Stüber ya raya murjani mai rassa a gidansa, abin da da yawa ke ganin ba zai yiwu ba.

Anemoni kuwa, ni dai shawarata a jinkirta shi wata shida ko ma shekara, har akwatin ya zauna daram. Tun fitowar fim ɗin Finding Nemo a 2003 kowa ke son ganin ɗan kifin nan mai zane yana kwance a cikinsa. Abin da fim bai faɗa ba shi ne anemoni na tafiya. In wurin bai yi masa ba sai ya ɗaga, ya bi kan murjani yana harbi, ko ya faɗa bakin injin motsa ruwa ya daddatse shi. In ya mutu a lita 60, cikin dare guda ruwan zai ɓaci, ya ja sauran. A rufe bakin injin da raga ko soso tun kafin a kawo shi.

Mai farawa ya soma da murjani mai laushi, wanda aka raya a gonar ruwa, ya bar na teku a teku. Amma a sa safar hannu da tabarau: wasu masu siffar maɓalli na ɗauke da mugun dafi, kuma tafasa dutsensu ko goge shi da buroshi ya sha kai iyalai asibiti, kamar yadda ya faru a Ingila a 2018.

A nan za mu dasa aya.