Makero A Jikin Maruƙa Da Yaran Gida

Wannan mako za mu yi magana a kan makero, cutar da manoma da yawa ba su ɗauke ta bakin kome ba don ba ta kashe dabba. Gaskiya ne ba ta kisa, amma tana ɓata fata, ta karya darajar maraƙi a kara, sa'an nan ta tsallaka kan yaron da ke ɗaure shi.

Abin da ke kawo ta ba tsutsa ba ce, ba kuma sammu ba ne. Wani irin fumfuna ne ƙanƙane, ɗan'uwan wanda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, yana cin gashi da saman fata. A jikin maraƙi yakan fito kewaye da ido, da kunne, da wuya. Gashi ya zube a kewaye kamar an ɗora kwabo, wurin ya yi ɓawo fari-fari kamar toka. Daga kamuwa zuwa fitowarsa mako 1 ne zuwa 4. Irinsa kuwa yana da taurin rai, yakan yi watanni, har fiye da shekara, a jikin turke da dangwali da katakon garke. Shi ya sa za ka ga gida guda kowace shekara maruƙansa sai sun yi.

Kada a haɗa shi da kirci. Kirci da damina yake tashi, tare da kaska, ya bi gadon baya, gashi ya cure kamar an shafa masa ƙullu. Ƙwayar cutarsa dabam ce, maganinsa kuwa allura ce irin su oxytetracycline a hannun malamin dabbobi. Wanda ya sayi wannan allura don makero ya zubar da kuɗinsa, domin ba ta taɓa fumfuna.

To, maganin gida fa? A nan ne ake ruɗuwa. Makeron shanu yakan warke da kansa cikin wata 1 zuwa 4, musamman in dabba tana ƙoshi tana shan rana. Saboda haka duk abin da mutum ya shafa a ƙarshen ciwo, shi zai ce ya yi magani. Da haka baƙin mai na mota ya sami suna, alhali dafi ne, saniya kuwa sai ta lashe shi. Kananzir da ruwan batir ƙuna suke yi, su bar gyambon da ƙuda zai samu. Ƙaron tumfafiya ma da ake yabo yana cin fata, in ya shiga ido yana iya lalata gani, ga shi kuwa gefen ido ne makero ya fi so. Ɗanyar tafarnuwa in an ɗaura wa yaro ta kwana, sai a wayi gari wurin ya salɓe.

Wanda na yarda da shi cikin na gida shi ne farar wuta. A daka ta lukui, a kwaɓa kaɗan da man kaɗanya. Man ya tausasa ɓawon, ita kuwa ta kashe fumfunar. Amma sai an fara wanke wurin da sabulu da ruwan ɗumi, an kankare ɓawon da burushi ko soso, don magani ba ya ratsa shi. Ɓawon da ya zubo a tara a ƙone. In da hali a sayi aidin na dabbobi a riƙa shafawa, ana kiyaye ido. A ware maraƙin da ya kamu, a sake masa igiya, a wanke turke da ruwan bilic, a shanya kome a rana. Mai yin aikin ya sa leda a hannu, ya wanke hannu da sabulu in ya gama. Kada a ba yaro wannan aiki.

Ga mutum kuwa, in a hannu ne ko fuska ko jiki, man shafawa na clotrimazole ya isa, safe da yamma, mako 2 zuwa 4. A shafa har ya zarce bakin da'irar, a kuma ci gaba wajen mako guda bayan an ga ya ɓace. Akawuna da 'yan kasuwa masu saurin shiga kantin magani, ku duba jikin kwali. In kun ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, ku ajiye. Irin waɗannan suna kwantar da ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu, mutum ya yi murna, ashe ciwon faɗaɗa yake yi a ƙarƙashi.

Na kan yaro shi ne mai wuya, domin fumfunar tana shiga cikin silin gashi inda man shafawa ba ya kaiwa. Lalle sai na sha. A 1958 ne wani masani a Gilasgo ta Sikotilan, J. C. Gentles, ya nuna cewa griseofulvin da aka ba dabbobin gwaji ta baki ya warkar da makeronsu, daga nan aka fara ba mutane. Har yanzu ana ba yara shi, mako 6 zuwa 8, kuma ya fi aiki in an sha da abinci mai maiƙo ko madara. Likita ne zai auna yaro ya faɗi yawan da za a ba shi. Mace mai ciki ba ta shan sa.

Wanda aka ɗauka daga shanu yakan sa kan yaro ya kumbura suntum, yana ɗigar ruwa kamar maruru. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. A tafi asibiti da wuri, in an yi jinkiri gashin wurin ba lalle ya sake tsirowa ba. Kafin ya warke a ware masa hularsa da matajinsa da matashinsa, a duba kan 'yan'uwansa, askar da aka yi masa aski da ita kuwa a tafasa ta kafin ta hau kan wani.