Zaɓen Katako Don Gyaran Shafin Babban Gogen Turawa a Kudancin Kogin Kaduna

Daga cikin kayan kiɗan Turawa akwai wani mai tsirkiya huɗu da ake kira dabul-bes, wato babban goge, wanda tsawonsa ya kai kamar mita 1.8, a tsaye kuma ake kaɗa shi. Bai yawaita ba ko a unguwannin Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, inda majami'u da ƙungiyoyin kiɗa suke da dama. Saboda haka idan ɗaya ya lalace, samun madadinsa sai an sha wuya, gyara ya zama tilas. Wannan maƙala za ta duba ɓangare ɗaya na gyaran, wato katakon da ya dace da cikinsa.

Gogen Hausa ƙwarya ce guda da aka rufe da fata, ba ta da mahaɗi. Shi kuwa na Turawa akwati ne: allon gaba, da allon baya, da ɓangarorin gefe waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 3 ba. Wannan ɗan baki bai isa ya riƙe gam ba, shi ya sa ake bin gefen ta ciki da wasu siraran katako don a faɗaɗa wurin mannawa. Kalmar shafi, irin wanda maɗinki ke yi wa bakin riga ta ciki, ita ce ta fi dacewa da su, domin aikinsu ɗaya ne: ƙarfafa baki ba tare da an gani ba.

Masassaƙan Italiya, ciki har da Antonio Stradivari na Kiremona wanda ya rasu a 1737, da itacen wilo suke yin shafi, wasu kuma da sufurus. Dukkansu ba su da nauyi, suna lanƙwasuwa idan an jiƙa su aka ɗora a kan ƙarfe mai zafi, suna kuma shan gam. A nan ne kafinta yakan yi kuskure. Wanda ya saba da ƙofa da gado, gani yake inganci shi ne tauri, sai ya ɗauko maɗaci. Amma maɗaci ya kusa ninka wilo a nauyi, yana gardama wajen lanƙwasa, yana kuma danne rawar allon da amo ke fita daga gare ta.

Abin da ya fi kusa da wilo a wurin masu sayar da katako shi ne obece, farin katakon nan na kurmin kudu wanda masana tsirrai ke kira Triplochiton scleroxylon. Aibinsa shi ne ƙwaro na son sa, don haka duk allon da aka ga ƙananan huji ko gari a jikinsa, a bar shi. Malaina ma tana yi, sai dai tana da jinkirin bushewa. Wanda ya yi sa'ar samun mataccen fiyano kuwa ya huta, domin allon amonsa sufurus ne da ya shekara da shekaru yana bushewa.

Bushewar nan ita ce kan magana a Kaduna. A watan Agusta laimar iska takan haura kashi 80 cikin ɗari, da hunturu kuma ta faɗo ƙasa da 20. Katako yana kumbura, yana tsukewa ta faɗinsa, amma da ƙyar yake motsi ta tsawonsa. Ɗanyen katakon da aka manna da damina, kafin watan Janairu ya tsuke ya saki. Ya kamata a tsaga shi bisa tsarin jijiyarsa, a ajiye a inuwa ya ga hunturu ɗaya aƙalla.

Haka nan gam. Na fata, wanda ake dafawa, shi ne na wannan aiki, ba farin gam na kafintoci ba. Idan iska ta bushe ƙwarai, gam ɗin fata yakan saki mahaɗi kafin allon gaba ya tsage, ruwan zafi kuma yana narkar da shi idan an zo gyara na gaba. Buɗaɗɗen mahaɗi aikin yini ɗaya ne, tsagaggen allo kuwa sai an kwance gaban gogen gaba ɗaya.