Bashin Kamfanoni da Buhun Takin Manomi

Idan masana za su auna lafiyar tattalin arzikin ƙasa, sukan fara da tambayoyi biyu: me take sayarwa a waje don biyan abin da take sayowa, kuma da wane kuɗi ta ci bashi? A nan ne raunin Najeriya yake. Ɗanyen mai da iskar gas ne ke kawo mata fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da take fitarwa, alhali man bai kai kashi 10 na abin da ƙasar ke samarwa ba. Manomin masara a Tudun Kaya da mai noman rake a ƙasar Rogo ba sa riƙe dala, amma maganin feshinsu da injin ban-ruwa da wasu sinadaran takin zamani duk da dala ake shigo da su.

Manyan kamfanoni ma haka suke: cinikinsu da naira, bashinsu da dala. Da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dalar da ake saya kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, sai bashin ya ninka ba tare da an ƙara cin ko sisi ba. MTN kaɗai ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023. Wani zai ce ai wannan tsakanin kamfani ne da bankinsa, ina ruwan talaka? Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. A 2009, da basussukan da aka kasa biya suka kusa durƙusar da wasu bankuna, Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki a lokacin, ya zuba musu naira biliyan 620, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON don ta sayi ruɓaɓɓun basussukan. Wasu 'yan tsiraru suka ci, nauyin ya dawo wuyan jama'a. Kamfanin da bai faɗi ba kuwa, farashi yake ƙarawa. Ga kuɗin ruwa da Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, har banki ya gwammace ya ranta wa gwamnati. Shi ya sa ƙaramin manomi ke komawa ga ɗan kasuwa, ya karɓi taki da damina, ya biya da hatsi a kaka lokacin da farashi ya karye.

Akwai masu cewa ai an riga an yi gyara, tunda an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuma an daidaita canjin kuɗi. Lallai tsohon tsarin ba zai ɗore ba, domin masu hanya ne suka fi cin moriyarsa. Amma wannan gyaran farashi ne kawai, bai ƙara ko buhu ɗaya a rumbu ba. Tun 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a Karaye, kuma har yau mutanen yankin ba su mori ruwanta a noman rani yadda ya kamata ba, yayin da masaƙun Sharaɗa da Bompai da dama suka rufe saboda rashin wuta da kwararowar yadin waje. Gyaran da ya rage shi ne ruwa a gona, wuta a masana'anta, da tilasta wa manyan masu cin bashi su biya. Muddin ba a yi waɗannan ba, duk faɗuwar naira manomin Tudun Kaya ne zai biya kuɗinta.