Yadda manhajar ajiyar kwafi ke gane ka tashi daga gaban kwamfuta

Manhajar da ke kwafe fayilolinka ta adana su a wani wuri, don gudun ɓacin rana, aikinta na da nauyi. Sai ta karanta fayil, ta matse shi, ta kulle shi da lambar sirri, sannan ta tura ta intanet. In ta yi haka kana tsakiyar aiki, kwamfuta za ta riƙa jan ƙafa. Shi ya sa da yawansu ke jira ka tashi tukuna.

To ta yaya take sanin ka tashi? Ba kyamara take buɗewa ta leƙa ka ba. Agogo take dubawa. Duk lokacin da ka danna harafi ko ka motsa linzamin kwamfuta, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar tana rubuta lokacin. A Windows akwai wata hanya mai suna GetLastInputInfo, a kwamfutocin Apple kuma akwai HIDIdleTime. Manhajar ajiya na tambayarsu abu guda: tun yaushe rabon da a taɓa wani abu? Amsar lokaci ce kawai, babu abin da ka rubuta a cikinta, don haka wannan tambayar ba leƙen asiri ba ce. Idan shirun ya wuce iyakar da aka sa, sai a ɗauka ba ka nan. CrashPlan, alal misali, tana barin mai ita ya zaɓi mintunan da kansa, ya kuma yanka mata yawan ƙarfin kwamfuta da za ta ci yana zaune, da wanda za ta ci in ya tashi.

Amma shiru kaɗai ba hujja ba ce. Mai kallon fim ko sauraron karatu na iya shafe awa bai taɓa komai ba, alhali yana nan daram. Wani kuma ya tafi masallaci ya bar kwamfuta tana haɗa bidiyo, ita kuwa tana tsananin aiki. Saboda haka Microsoft ya haɗa sharaɗi biyu. A Windows 7 ana dubawa duk minti 15, kuma sai an ga ba a taɓa komai ba, sannan ƙwaƙwalwar na'urar da rumbun ajiyarta sun huta fiye da kashi 90 cikin ɗari na lokacin. Daga Windows 8 aka rage jiran, minti 4 na shiru ya isa a ce mutum ba ya nan. Manhajar da ta nemi a bar allo a kunne, kamar mai nuna darasi a taro, tana hana a yanke wannan hukunci.

Waya ma haka take. iPhone na tura kwafi zuwa iCloud ne idan allo na kulle, tana caji, kuma tana kan Wi-Fi.

A nan ne abin ya fi damuna. An tsara waɗannan sharuɗɗa ne da tunanin wanda ke barin na'ura a kunne, wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a auna masa. Wanda ke tattalin batir yana gama aiki zai rufe kwamfutarsa, kuma kwamfutar da ta yi barci ba ta kwafe komai. Wasu manhajojin ma an saita su kada su fara sai an jona wuta. Sai mutum ya yi watanni yana zaton takardunsa na ajiye, manhajar kuwa tana can tana jiran damar da ba ta taɓa samu ba.

Ka buɗe taka yau, ka duba ranar da ta yi ajiya ta ƙarshe. Idan an kwana biyu, rage mintunan jira, ko ka danna mata ta fara da hannunka ranar da aka kawo wuta.